Jirgin Ammu Ragab da Na Jiƙa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da ina so in manta, da wata Juma'a a bakin Kogin Nilu, ranar da na tsaya gaban dattawa uku da abokan ɗakina biyu ina zuba jawabi da Larabcin littafi, ƙafar wandona a naɗe har gwiwa. Har yau in abin ya faɗo mini, ko ina tsakiyar cin abinci ne, sai in ajiye cokali in rufe fuska. Amma bari in faro daga tushe, don ku san ba rana ɗaya na haukace ba, a hankali abin ya shige ni.

Ni mutumin Yauri ne, Basarke gaba da baya. Mahaifina masunci, kakana masassaƙin jirgi, kuma a gidanmu yaro kan iya riƙe filafili kafin ya iya ɗaure wando. Karatu ne ya kawo ni Alkahira. Muka kama ɗaki a unguwar Faisal, hawa na shida, mu uku, a wani lungu da rana ba ta leƙowa sai ta take tsaka. A watannin farko ba abincin gida na yi kewa ba, ba kuma mutane ba (Allah ya sa kada Inna ta ji wannan). Ƙarar ruwa a jikin katako na yi kewa. Nakan dawo daga darasi in kwanta, masu maikirobas na ta danna ham a ƙasa, ni kuwa in lumshe ido in gan ni a tsakiyar Kwara, jirgi na lilo da ni, babu inda za ni.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na hau mota zuwa Giza, daga nan na riƙa bin ruwa da ƙafa ta kudu har wajen Munib. Can ƙasan titi, bayan wata katanga, hancina ya jiyo abin da ya sani, wato kwalta mai zafi da ɗanyen katako. Na gangara. Wata 'yar rumfar gyaran jirage ce, da kwale-kwale uku a kife, da wani tsoho yana cusa auduga a tsagar ɗaya daga cikinsu. Na tsaya ina kallo, sai bakina ya suɓuce na ce da Hausa, "Kai, wannan toshin bai yi ba."

Wani mutum da ke tsugunne a kan inji ya ɗago kai. "Ya zol, daga ina?"

Shi ne Baba Tijjani, Bahaushen Sudan, makanikin injin jirgi, kullum daga unguwar Arba wa Nus yake zuwa (zol, wato bawan Allah, haka 'yan Sudan ke kiran mutum). Tsohon da na kushe wa aiki kuwa shi ne mai wurin, Ammu Ragab, ɗan Masar, siriri, da gilashin ido mai kaurin gindin kwalba. Baba Tijjani ya fassara masa abin da na ce, bai rage ko harafi ba. Maimakon ya kore ni, sai tsohon ya miƙo mini audugar da ƙarfen cusawa, ya ce in nuna. Na nuna. Ya shafa da yatsa, ya gyaɗa kai, ya ce, "Tamam, ya Shaikh. Hannunka ya san ruwa." (Shaikh suke ce wa duk ɗalibin addini, ko da bai gama haddace izu biyar ba. Da Larabcinsu na Masar yake magana, ni ke mayar muku da Hausa.) Ku riƙe wannan yabon da kyau. Daga ranar kaina ya fara kumbura.

Na zama ɗan gida. Duk ranar da babu darasi ina rumfar, in yi toshi, in sha shayi mai na'ana'a, in zauna ina kallon jirage masu filafilan yadi suna wucewa a hankali kamar ba sa son isa. Haka muka yi wata bakwai lafiya lau.

Sai wata rana aka sauke wani abu daga bayan akori-kura. An rushe wani tsohon gida a unguwar Shubra, aka same shi a kan rufi, an jingine shi shekara da shekaru yana yi wa tattabaru inuwa. Wani da ya san Ammu Ragab ya kira shi. Da na gan shi ban ce jirgi ba ne. Tsawonsa bai fi mutum biyu a kwance ba, faffaɗa, a shafe kamar faranti, hancinsa zagayayye, da wasu kafaɗu biyu a gefe da gefe. A tsakiya akwai rami ɗan siriri da ƙaramin sitiyari mai tsatsa, babu wurin zama ko ɗaya. Mu biyu muka ɗauke shi kamar tabarma. Shuɗin fenti ne a jikinsa, ya tsattsage, ga kashin tattabaru ya yi masa sulke.

Ammu Ragab ya zagaya shi sau biyu, ya durƙusa, ya ɗora tafin hannunsa a kan hancin ya bar shi a nan. Ban taɓa ganin ya bar shayinsa ya huce ba sai ranar.

Daga baya ya yi mana bayani. Ya ce jirgin tsere ne, irin waɗanda masu hali ke wasa da su a kogin nan zamanin yana yaro. A baya ake rataya masa inji. Direba ba ya zama, durƙusawa yake yi a cikin ramin, irin zaman tahiya, hannun dama a sitiyari, na hagu yana matse totur, in ya faɗa ruwa ya saki, inji ya mutu da kansa. Ya ce in gudu ya kai gudu, jirgin ba ya cikin ruwa kuma. Iska ce ke shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi, ba abin da ke taɓa kogi sai ƙarshen kafaɗun nan biyu da farfela.

"Babana, Usta Sabir, babban kafinta, ya ƙera guda ɗaya," in ji shi. "Wani bey ne, cikin manyan masu kuɗin lokacin, ya sa shi. Bey ya ci kofi, aka ɗauki hotonsa, aka sa a jarida. Babana yana can baya riƙe da gwangwanin mai, rabin fuskarsa ma ba ta fito ba. Shekara arba'in yana ƙera jirage, ya ibni, ɗana, duk sun ruɓe. Ko cokalin katako da hannunsa ya taɓa ba ni da shi." Ya cire gilashin ya goge. "Likita ya ce idon nan saura kaɗan. Ina so in san ko wannan ne kafin ya rufe."

To, ta yaya za a sani? Nan na fara koyon wani ilimi da ban san akwai shi a duniya ba. Ashe akwai mutanen da aikinsu ke nan, bin asalin tsofaffin jiragen tsere kamar yadda malamanmu ke bin salsalar hadisi, wane daga wane. Ɗaya daga cikinsu shi ne Bashmuhandis Fu'ad, wato babban injiniya, ya yi ritaya, ya cika gidansa da tsofaffin hotuna da yankakkun jaridu. Ammu Ragab ya kai masa hotunan jirgin da Baba Tijjani ya ɗauka da waya, ya dawo da kwafin wani tsohon hoto baƙi da fari.

Muka baje hoton a kan benci muna gwadawa. Hanci iri ɗaya. Kafaɗu iri ɗaya. A katakon baya akwai tabo biyu zagayayyu inda maƙallan inji suka ciza, Baba Tijjani ya auna tazararsu ya ce ta yi daidai da injin da ke cikin hoton. Ƙusoshin jan ƙarfe ne, irin na wancan zamani. Ni har na fara cewa alhamdulillahi, sai Ammu Ragab ya ce in dakata. Injiniyan ya gaya masa cewa kafintoci uku ko huɗu ne suka ƙera irin wannan siffa a lokacin, daga zane ɗaya. Abu ɗaya ne kawai zai raba gardama. A cikin hoton, a gefen dama na jirgin, an rubuta lamba ashirin da huɗu, a ƙarƙashinta kuma akwai ɗan jinjirin wata, alamar da Usta Sabir ke sa wa duk abin da ya gama. In lambar da watan suna ƙarƙashin fentin, to shi ne. Fentin kuwa hawa uku ne, shuɗi a kan kore a kan fari, kowane mai jirgi da nasa. Injiniyan ya ce kada kowa ya taɓa, shi zai zo da kansa ranar Juma'a ta sama, da 'yar wuƙarsa da sanfefa mai laushi, ya ɗaga su hawa-hawa.

Akwai wani lokaci bayan la'asar da rana ke kwantowa ta shigo rumfar a karkace. A daidai lokacin, in ka sunkuya ka karkata kai, za ka ga inuwar lamba biyu tana tasowa daga ƙarƙashin shuɗin, kamar jijiya a bayan hannu. Ta kusa da ita ba ta fita. Wata rana ka ce huɗu ce, wata rana ka ce bakwai. Ammu Ragab ba ya iya ganinta, sai ya riƙa bin ta da kan yatsa, a hankali, bakinsa na motsi. Ni da Baba Tijjani mukan yi kamar muna wani aiki.

Ni kuwa jirgin ya shiga raina ta wata hanyar daban. Da zarar sun tafi sallar la'asar a masallacin kan titi (nakan ce na riga na yi, wani lokaci da gaske), sai in cire takalmi in shiga ramin in durƙusa. In kama sitiyarin. Ruwa na nan gabana yana ƙyalli, tsibirin da ake noman kabeji ya yi kore shar, wani farin tsuntsu na tsaye da ƙafa ɗaya. Sai in ji inji ya tashi a bayana. Gaɓar kogi ta cika da mutane masu jar dara da mata masu laima, ana kiɗa daga gidajen kan ruwa. In matse totur, hanci ya ɗaga, ƙarar ruwa ta ɗauke, in ji ina shawagi tsakanin sama da kogi. Gadoji su wuce ta kaina ɗaya bayan ɗaya. Can sai Nilu ta rikiɗe ta zama Kwara, ga tsibiran garinmu, ga mata na wanki, ga mahaifina ya ɗaga birgi zai jefa ya tsaya da hannu a sama yana kallon wannan abu da ya wuce shi kamar walƙiya, yana tambaya ɗan wane ne. Sau da yawa tarin Baba Tijjani ne ke dawo da ni, in fito ina kakkaɓe kashin tattabaru daga gwiwa.

A cikin irin wannan mafarkin ne na fara jin haushin ganin jirgin a bushe. Jirgi ne fa. An yi shi don ruwa, ga ruwa taku goma, shi kuma yana kwance a kan jarkoki da tsagogi a jiki.

Ranar Litinin Ammu Ragab ya tafi garin Fayum, jikarsa ta haihu. Ya ba ni makullin rumfa, ya ce zai dawo ranar Juma'a da safe, su haɗu da injiniya bayan salla. Ya shafa hancin jirgin, ya ce, "Amana, ya Shaikh." Na ce ya tafi hankali kwance, ai a hannun ɗan ruwa ya bar shi.

Yanzu sai ku fahimci al'adarmu, don ku yi mini adalci kaɗan. A Yauri, jirgin da ya daɗe a tudu ba a kai masa guduma sai an shayar da shi. A ɗaure shi da igiya, a loda masa duwatsu, a nutsar da shi a gefen ruwa kwana uku ko huɗu. Katako ya sha ya ƙoshi ya kumbura, tsagogi su rufe da kansu, ka ɗago shi kamar sabo. Na ga kakana ya yi haka ba adadi. Busasshen jirgi a ƙofar Basarke abin gori ne, kuma in aka ba ka ajiyar jirgi ka mayar da shi yadda aka ba ka, an san ba ka da tarbiyya. Fenti kuwa ban taɓa ganin ruwa ya ci fentin jirgi a kwana huɗu ba. Na ce a raina, ai ba taɓa lambar zan yi ba, shayar da katako kawai zan yi. In injiniya ya zo ya tarar da jirgin Usta Sabir yana lilo a kan Nilu bayan shekara sittin, tsohon nan sai ya yi kukan daɗi. Har na ga yadda zai rungume ni.

Ni kaɗai ba zan iya ɗauka ba, sai na nemi Baba Tijjani.

"Ɗana," ya ce, "ka tambayi mai shi?"

"Baba, in na tambaya ai ba bazata kuma."

"Mutumin nan ya ce kada a taɓa."

"Fenti ya ce kada a taɓa. Ni ruwa zan ba shi."

Ya goge hannu da tsumma yana kallon jirgin. "Ni dai inji na sani, ya zol, katako ba fannina ba ne. Amma wallahi jikina bai ba ni ba."

"Baba, kakana jirgi sama da ɗari ya sassaƙa." (Ban san adadin ba, bakina ne ya zaɓi ɗari.) "Ammu da kansa ya ce hannuna ya san ruwa."

Ya ce, "Khalas, shi ke nan, kai ka sani," ya kama ɗaya gefen.

Muka kai shi inda ruwa ya kai ƙugu, kusa da turken da ake ɗaure jirage. Ya ƙi nutsewa, sai da na jera masa bulo takwas a kai. Ya yi 'yan kumfa ya sauka a hankali, shuɗinsa na dishewa a cikin ruwan har ya ɓace. Na ɗaure igiya, na yi bisimilla, na koma Faisal ina jin kaina kamar wanda ya gina masallaci.

Kwana huɗun nan ban taka ƙasa ba. A aji malam na bayanin rabon gado, ni ina kan Nilu. Na tsara jawabin da zan yi, na gyara shi sau uku. Na gayyaci abokan ɗakina biyu, na ce su zo su ga yadda ilimin Sarkawa zai ceto tarihin Masar. Kalmomin da na yi amfani da su ke nan, kuma har yau ba su bar ni na manta ba. Ɗayansu ma na ce ya caja wayarsa sosai don ya ɗauki bidiyo.

Juma'a ta zo da rana mai taushi, kogin ya kwanta lumui. Bayan salla muka hallara. Bashmuhandis Fu'ad ya sauko daga tasi, dattijo fari tas da kwat da sanda, da wata 'yar jakar fata a hammata. Ya gaisa da kowa, ya buɗe jakar a kan benci, ya jera wuƙa da burushi da gilashin ƙara girma kamar mai shirin fiɗa. Ammu Ragab ya sa sabuwar jallabiya. Ya shiga rumfa, ya tsaya gaban jarkokin da babu komai a kansu, ya laluba iska da hannu.

"Ina yake, ya Shaikh?"

Na naɗe wando, na gyara murya. Na fara da hamdala da salati, na ce amma ba'adu (injiniyan ya ɗaga gira, don a Masar ba a yin irin wannan Larabcin sai a kan mumbari). Na yi bayanin Kwara da Nilu, cewa 'yan'uwa ne. Na kawo kakana. Na ce katako rai gare shi, ƙishirwa yake ji, kuma mu a ƙasarmu mun gaji sirrin shayar da shi. Ina cikin magana na ga fuskar injiniyan tana sauyawa, na ɗauka burge shi na yi, sai na ƙara ɗaga murya.

"Yana ina?" ya katse ni, a hankali.

Na nuna igiya.

"Tun yaushe?"

"Tun Litinin," na ce, da alfahari.

Ya nemi benci ya zauna.

Na shiga ruwa. Na laluba na ɗauke bulo na farko, na biyu, na uku. Ina ɗauke na huɗu sai na ji wani abu mai santsi ya shafi cikina ya taso. Wani falle ne shuɗi, faɗin sallaya, ya kwanta a kan ruwa yana rawa. Wani ya biyo shi. Sai wani. Na ja igiya, ta zo da sauƙin da bai kamata ba. Abin da ya ɗago ba jirgi ba ne, haƙarƙarin jirgi ne, da sitiyari a tsaye a tsakiya, da fatar jikinsa tana ɓarewa falle-falle kamar littafin da ruwan sama ya doka. Gefen dama, inda lambar take, ya saki gaba ɗaya, ya juya sau ɗaya a ruwa, ya kama hanyar arewa.

Na yi tsalle na bi shi. Na yi iyo irin wanda ban yi ba tun ina yaro, da riga da hula. Na cim masa, na cafke da hannu biyu, sai ya narke a tafina. Shuɗi da kore da fari suka cakuɗe suka zama kunu, suka bi ta tsakanin yatsuna. Na tsaya a cikin ruwa ina kallon hannuna.

Abin da kawai ake ji shi ne muryar abokin ɗakina yana raɗa wa ɗayan, "In ci gaba da ɗauka?"

Injiniyan ne ya fara magana. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. "Ya Shaikh," ya ce, "jirgin kakanka gungumen katako ne mai kaurin hannu. Wannan filawud ne. Falle-falle ne sirara kamar takarda, aka manne su da gam irin na da, wanda ya riga ya mutu tun kafin a haife ka. Ko a zamaninsa, ana gama tsere ake ɗauke shi daga ruwa a goge shi da tawul. Bai taɓa kwana a kogi ba, ko sau ɗaya." Ya fara mayar da kayansa cikin jaka ɗaya bayan ɗaya. "Kai ka ba shi kwana huɗu."

Da ƙasan kogin za ta tsage da na shige. Na dubi Baba Tijjani ko zai ce wani abu, sai ya sami wani ƙusa a ƙasa ya duƙufa yana nazarinsa.

Ammu Ragab ya tako har bakin ruwa, sabuwar jallabiyarsa na jan laka. Aka jawo masa haƙarƙarin. Ya bi shi da hannu tun daga hanci har baya, ya tsaya a gefen dama, inda yanzu babu komai sai iska tsakanin katako biyu. Ya juya wajen injiniyan.

"Za ka iya faɗa, ya Bashmuhandis?"

"Siffar ta yi, ƙusoshin sun yi, tabon inji ya yi. Amma haka na sauran ukun za su yi. Ba zan ce shi ne ba, ba zan ce ba shi ba ne. Babu wanda zai iya kuma."

Ni ina nan tsaye ruwa har ƙirji, na kasa fitowa. Na buɗe baki in ba da haƙuri, duk Larabcin ya gudu, na littafin da na titi. Abin da ya fito shi ne Hausa, "Don Allah, Baba, don Annabi," ga hawaye, ga majina, ga ciyawar ruwa a kafaɗa.

"Fito, ya ibni, mura za ta kama ka," in ji shi.

Na fito ina ɗiga. Ya kama hannuna ya zaunar da ni kusa da shi a kan wani kifaffen kwale-kwale. Ya fuskanci kogin da ba ya gani sosai.

"Kwana huɗu a Fayum ban yi barcin kirki ba," ya ce. "Ana ta buɗa, ana miƙo mini jariri, ni ina tunanin wuƙar mutumin nan. Ina cewa, in ya kankare ya ga ashirin da bakwai fa? In babu wata fa? Sai in mayar wa tattabaru kayansu in zauna haka." Ya yi 'yar dariya. "Yanzu babu mai kankarewa. Na babana ne. Khalas."

Na ji wani sanyi ya fara sauko mini, har na soma tunanin ko dai alherin na yi ta bayan gida (kun ga irin halin nawa). Sai ya ɗaga yatsansa manuni, wanda yake bin lambar da shi, ya riƙa murza shi da babban yatsa.

"Sai dai na so in taɓa watan nan sau ɗaya," ya ce. "Sau ɗaya kawai."

Baba Tijjani ya ɗora shayi, muka sha, injiniyan ya tafi bai sha nasa ba.

Sati uku ban je rumfar ba. A Faisal labari ya riga ni hawa bene, bidiyon ya zaga duk ɗakunan 'yan Najeriya har da na 'yan Nijar, aka naɗa ni Sarkin Ruwan Masar. In an jiƙa wake ko an jiƙa wanki sai a kira ni a ce in zo in duba ko ya sha. A sati na huɗu Baba Tijjani ya kira ni ya ce tsoho na tambaya, akwai toshi, kuma idonsa ba ya ganin tsaga yanzu. Na je. Na tarar sun busar da haƙarƙarin sun rataye shi a saman rumfa. Duk baƙon da ya tambaya, Ammu Ragab kan ce, "Na babana ne, Usta Sabir." Sai ya nuna inda yake zaton nake ya ƙara da cewa, "Wannan Shaikh ɗin ne ya yi masa wanka." A yi dariya, ni ma in yi. Amma na lura duk lokacin da ya ce na babana ne, yakan ɗan dakata kafin ya faɗa, dakatawar da ba ta kai numfashi ɗaya ba. Ni kaɗai nake jin ta, kuma na san wanda ya sa ta a wurin.

Abin da kakana ya koya mini gaskiya ne, amma a kan jirgin kakana. Darasin da na ɗauka bai fi haka tsawo ba, sai ɗan ƙari: in ka ji alheri yana yi maka ƙaiƙayi a hannu a kan kayan da ba naka ba, ka fara ɗaga waya. Akwai sabis a Fayum. Lambar Ammu Ragab tana cikin wayata duk kwana huɗun nan, ita ce ta uku daga sama.